Kada a Ɗaure Ɗan Wasa a Gurbi Ɗaya

Ya ku ɗalibai, wataƙila wasunku sun san wasan nan na intanet wanda mutum yake zama manajan ƙungiyar ƙwallon kwando. A cikinsa mutum yakan zaɓi 'yan wasa, ya ba kowa gurbinsa, sannan ya horar da shi a kan aikin wannan gurbi. Dogo ya koyi tsare ƙarƙashin kwando, gajere kuma ya koyi raba ƙwallo. Wannan tsari yana da sauƙi a waya. Amma idan muka kawo shi filayen makarantunmu na Abuja, daga Garki zuwa Kubwa da Gwagwalada, muka ɗaure yaro a gurbi ɗaya, ina ganin mun cuce shi.

Dalili na farko shi ne jikin yaro yana canjawa. Wanda ya fi kowa tsayi a ajinku yana ɗan shekara 13, wataƙila abokansa su wuce shi kafin su gama makaranta. Idan tsayuwa kusa da kwando kaɗai aka koya masa, ina zai nufa a ranar da tsayin ya daina yi masa amfani? Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu ne lokacin da hannu da ƙafa suke saurin koyon sabon abu.

Dalili na biyu yana cikin dokar wasan kanta. 'Yan wasa biyar ne kawai suke shiga fili daga kowace ƙungiya. A dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wanda ya yi laifi sau biyar dole ya fita. To, idan mai raba ƙwallo ya fita, ko ya ji rauni, kuma babu wanda ya iya aikinsa, ai ƙungiya ta shiga uku.

Ku dubi Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963. Da farko mai tsaron raga ne a ƙwallon ƙafa, ya kuma buga ƙwallon hannu. Da ya koma ƙwallon kwando, sai ya zama dogo mai saurin ƙafa, mai wuyar tarewa. Ya ci kofin NBA na Amurka tare da Houston Rockets a 1994 da 1995. Haka ma Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, aka haife shi a Girka. Tsayinsa mita 2.11 ne, amma yana gudu da ƙwallo yana raba ta kamar gajere. Ya ɗauki wannan kofi tare da Milwaukee Bucks a 2021.

Wani mai horarwa zai ce lokacin atisaye kaɗan ne, kuma ƙungiya ta fi saurin cin gasa idan kowa ya riƙe aiki ɗaya. Akwai gaskiya a maganarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ranar gasa dole kowa ya san inda zai tsaya. Sai dai ranar gasa daban, ranar koyo daban. Kofin makaranta na shekara ɗaya ne, amma abin da yaro ya koya yana tare da shi har girma. Ƙwarewa a gurbi ɗaya za ta zo daga baya, idan jiki ya gama girma.

Saboda haka, idan ku dogaye ne, ku roƙi malaminku ya bar ku ku koyi gudu da ƙwallo da jifa daga nesa. Idan ku gajeru ne, ku koyi ƙwato ƙwallo a ƙarƙashin kwando. Ku riƙa musayar gurbi a lokacin atisaye, ku kuma saba amfani da hannu biyu, dama da hagu. Idan kun sami damar kallon gasa a Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola da ke Abuja, ku lura da wanda mai horarwa ba ya son cirewa daga fili. Sau da yawa za ku ga shi ne wanda duk inda aka sa shi yake iya aiki.