Dilimi, Bunga da Jama'are: Kogi Ɗaya Ne

Duk wanda ya tsaya bisa gada a cikin Jos da rani, ya leƙa ƙasa ya ga ɗan ruwan Dilimi yana silalewa tsakanin duwatsu, ledoji sun maƙale a gefensa, masu wankin mota da masu lambun Farin Gada kowa na ɗibar rabonsa, da wuya ya gaskata cewa wannan ruwa da ya raina, wanda ya sauko daga tsaunukan Filato, shi ne zai keta ƙasar Bauci har ya ƙare a Tafkin Cadi.

Illa dai ba da sunan Dilimi yake isa can ba. Idan ya gangaro ƙasar Ningi sai a ce Bunga, gaba kaɗan ya zama kogin Jama'are, sa'an nan a wajen Gashuwa ya gamu da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijeriya da Nijar ta wajen Difa. Kowace al'umma ta raɗa masa suna gwargwadon abin da idonta ya gani, kuma ba na ganin aibu a cikin wannan; hasali ma sunayen tarihi ne, domin a yashin Dilimi Turawan kamfanin Neja suka tarar da kuza a farkon ƙarni na 20, abin da ya haifar da birnin Jos kansa.

Inda aibun yake shi ne jahiltar nasabar da ke tsakanin sunayen nan, har ta kai mutumin Jos yana zuba shara da baƙin mai a Dilimi da zuciya ɗaya, alhali bai san cewa a Katagum akwai mai alwala da ruwan ba. Malamanmu na fiƙihu kuwa sun daɗe da bayyana hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da najasa, balle haƙƙin maƙwabcin da ke gangare.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada hukuma ta soke suna ko ɗaya don neman daidaito a taswira. A maimakon haka, a jera su duka a littattafan labarin ƙasa na firamare, kuma a kafa allo a kowace babbar gada, daga Jos har Gashuwa, mai bayyana inda ruwan ya fito da garuruwan da ke jiransa a gaba.