LAFIYA UWAR JIKI: Murar yara lokacin ɗari

Ɗari ya shigo Damagaram. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iska tana kaɗowa da ƙura. A unguwar Zango, da ƙauyukan Mirriya da Tanut, yara da yawa suna fama da majina da tari.

Mura ita kaɗai ba ta da tsanani. Cikin kwana 7 zuwa 10 takan wuce da kanta. Tupaye na masu talla ba ya kashe ta. Ɓarnar kuɗi ce, kuma yana iya cutar da yaro. Yankan beli ma ba ya maganin tari.

Ga aikin uwa a gida:

1. Ta yawaita ba da nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi. Wanda ya fi haka, a ƙara masa kunu mai ɗumi da ruwa mai tsabta.

2. In hanci ya toshe, jariri ba ya iya tsotso. Ta tafasa ruwa kofi ɗaya da ɗan gishiri kaɗan. In ya huce, ta ɗiga biyu cikin kowane hanci, ta share.

3. Zuma tana sassauta tari, amma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba.

4. Ta rufe shi da zane, ta nisanta shi da hayaƙin icce da na gawayi.

Hatsari shi ne ciwo ya sauka ƙirji, ya zama ciwon haƙarƙari. Wannan yana kisa. Numfashi ne ke nuna shi. In yaro ya natsu, a duba agogo ko salula, a ƙidaya numfashinsa minti ɗaya. Ya yi yawa in ya kai:

60 ga wanda bai kai wata 2 ba;
50 daga wata 2 zuwa shekara ɗaya;
40 daga shekara ɗaya zuwa 5.

Haka kuma in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi masassara. Nan ba a jiran ranar kasuwa. A shekara ta 2006 gwamnati ta ce a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Maigida ya ɗaura amalanke, a kai shi likita a ranar.