ZANCEN GIDA: A Fitar da Kaya Kafin a Sake Rufin Ɗaki

 Zancenmu na wannan wata a kan hotunan gida ne, da yadda sukan salwanta ran da aka sabunta kwamfuta.

A dā hotunan gida ba su da yawa. Mai hoto yakan zo ran biki, ko kuwa a je shagonsa cikin gari, a ɗauki uku ko huɗu, a wanko, a ɓoye a ƙasan akwati. Maƙiyansu kuwa sanannu ne: gara, da yoyon damina, da yatsun yara. Yanzu fa gida ɗaya yakan tara hotuna dubbai, amma babu ko ɗaya da za ka riƙe a hannunka. Na ɗaurin aure, na ranar baftisma, na zumuntar mata a taron shekara, har da na kaka wadda ta riga ta huta, dukansu suna kwance cikin faifan ajiya guda wanda bai kai tafin hannu ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya sami wata maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar makaranta. Kwamfutarta ta yi nauyi, sai ta ba ɗanta ya kai wa mai gyara a kasuwa. Mai gyara ya duba, ya ce Windows ɗin ya tsufa, a sa sabo. Da yamma aka komo da ita tana gudu kamar sabuwa. Malama ta buɗe jakar hotuna, ta tarar wayam. Hotunan shekara goma sha ɗaya, har da na ƙarshe da aka ɗauki maigidanta kafin rasuwarsa. Kashegari ta tafi shagon da kanta, ta ce, "Ɗana, ina hotunana?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ai ba a gaya mini akwai kaya a ciki ba." Ban ga muguntarsa ba. Ya yi aikin da aka saba yi ne. Amma shi bai tambaya ba, su kuma ba su faɗa ba.

Bari mu gane abin da ya faru. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sauran manhajoji duka a kanta suke zaune. Hanyar sabunta ta iri biyu ce. Ta fari, a ɗora sabuwa bisa tsohuwa, a bar kayan mutum inda suke. Ta biyu, a share faifan ƙaƙaf, a girka sabuwa daga tushe, wato abin da masu gyara ke kira fomat. Masu gyara da yawa sun fi son ta biyu, gama ta fi sauri, tana kuma kawar da ƙwayoyin cuta da tarkacen da suka taru. Sa'ad da ake girkawa, kwamfuta takan kawo zaɓi uku: a bar kayanka da manhajojinka, a bar kayanka kaɗai, ko kada a bar kome. Da Turanci take tambaya, da ƙananan baƙaƙe, mai hanzari kuwa danna gaba kawai yake yi.

Me ya sa zancen ya zama na gaggawa? Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai ya ba waɗanda suka yi rajista ƙarin wa'adi na gyaran tsaro har Oktoba 2026. Saboda haka mutane ke ƙaura zuwa Windows 11, wadda ta fito tun Oktoba 2021. Ita kuwa tana bukatar wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ainun ba. Kwamfutoci na hannu da ake saya a kasuwanninmu da dama ba su cika wannan sharaɗi ba. Mai gyara yana da dabarar tilasta musu karɓa ta hanyar filash, amma sau da yawa dabarar nan da share faifai take tafiya.

Kada wani ya ce, "To, ni da kaina zan sabunta, ta hanya ta fari, ba ruwana da mai gyara." Hanyar ta fi lafiya, gaskiya ne, amma ko ita ta taɓa cin amana. Ran 2 ga Oktoba 2018 Microsoft ya saki wani babban sabuntawa na Windows 10, mai lamba 1809. Ba a jima ba mutane suka fara kuka, wai sun sabunta, sun tarar takardunsu da hotunansu sun ɓace. Wani ya ce ya yi hasarar gigabait 220, aikin shekara 23. Kafin mako ya cika kamfanin ya janye sabuntawar, bai sake sakinta ba sai ran 13 ga Nuwamba.

Dalilin abin koyi ne. Windows tana yarda mutum ya sauya wa jakar takardu ko ta hotuna mazauni, misali ya mai da ita wani faifai dabam. Waɗansu sun sauya mazaunin, amma kayansu na dā suka rage a tsohon wuri. Sabuntawar nan an koya mata ta kawar da tsofaffin jakunkuna, bisa zaton babu kome a cikinsu. Sai ta share su da abin da ke ciki. Kamar a aiki yaro ya ƙone tsohuwar bukka, ba a leƙa ba, ashe iri na shuka yana rataye a ciki. Kamfanin ya ce abin ya sami kwamfuta ɗaya ne cikin kowace dubu goma da aka sabunta. Kaɗan ne a lissafi. Amma wanda abin ya faɗa wa, ba kashi ɗaya cikin dubu goma na hotunansa ya rasa ba.

A wurinmu akwai ƙarin hatsari wanda masu rubuta manhaja a Amurka ba su cika tunawa da shi ba, wato ɗauke wuta. Babban sabuntawa yakan ci awa ɗaya ko fiye, kwamfuta tana mutuwa tana tashi da kanta. In wuta ta tafi a tsakiya, batir kuma ya riga ya gaji, mai yiwuwa ne kwamfutar ta ƙi tashi sam. A nan hotunan suna nan lafiya cikin faifai, ba abin da ya taɓa su. Amma ina za a kai ta? Wurin mai gyara. Me zai yi in ba a ja masa kunne ba? Fomat.

Ga wani abu da ya kamata kowane gida ya sani. In an ɗora sabuwar Windows ba tare da share faifan ba, takan tara tsohuwar cikin wata jaka mai suna Windows.old. Wani lokaci hotunan da ake kuka sun ɓace suna can ciki, ƙarƙashin sunan mai kwamfutar. Amma jakar nan baƙuwa ce, ba mazauniya ba: bayan kwana 10 Windows takan share ta da kanta don ta sami fili. Wanda ya ce sai ya sami sukuni bayan girbi zai duba, ya makara.

Sabbin kwamfutoci kuma sun zo da wani kulle mai suna BitLocker, wanda yakan rikitar da duk abin da ke faifai don kada ɓarawo ya karanta. Tun fitowar Windows 11 ta shekarar 2024, kullen yakan kama da kansa in an girka sabuwa aka shiga da asusun Microsoft. Abu ne mai kyau, sai ran da kwamfuta ta rikice ta nemi mabuɗin ceto, lamba 48 a jere. Mabuɗin yana ajiye cikin asusun da aka shiga da shi ran farko. To, asusun wane ne? In na yaron shago ne, ko wanda aka buɗe da gaggawa aka manta kalmar sirrinsa, hotunanka suna gabanka amma ba za ka iya buɗe su ba. Ku nemi mabuɗin nan tun kwamfuta tana lafiya, ku rubuta shi a takarda, ku ajiye tare da takardun haihuwa.

Na san matasa za su ce, "Baba, ai namu suna intanet." Madalla, amma a lura. OneDrive da irinsa madubi ne, ba rumbu ba. Abin da ka share a kwamfuta, can ma yakan share shi, ya jefa a kwandon shara na kwana 30, daga nan shi ke nan. Filin kyauta kuma kaɗan ne, gigabait 5 a OneDrive, 15 a Google, wanda tun 1 ga Yuni 2021 ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. In fili ya cika, sababbin hotuna ba sa hawa, mutum kuwa yana zaton suna can. Hotunan da aka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp sun fi babu, amma yawanci an matse su, ba su kai na asali kyau ba in za a wanke babba.

Masu kwamfutar Apple ma kada su yi dariya. A 2019, da tsarin Catalina ya fito, tsofaffin manhajojin hotuna iPhoto da Aperture suka daina buɗewa. Hotunan ba su goge ba, amma sai da aka ƙaurar da su zuwa sabuwar manhaja, waɗanda ba su san haka ba kuwa hankalinsu ya tashi ƙwarai.

To, me za a yi? Abin da kakanninmu ke yi in za a sake rufin ɗaki: a fitar da kaya waje tukuna. A sayi faifan ajiya na waje, irin wanda ake haɗawa da waya, a kwafe hotuna duka a kai. Kwafewa na ce, ba ɗaukewa ba, domin su kasance a wuri biyu. A duba jakar hotuna, da ta takardu, da ta abubuwan da aka sauko da su, da fuskar kwamfuta inda mutane ke zubar da kaya. In mutum biyu ko uku ke shiga kwamfutar, kowa da sunansa, to kowa yana da nasa jakunkuna, a bi su ɗaya ɗaya.

Ga matakin da aka fi tsallakewa. Bayan an kwafe, a kai faifan wata kwamfuta dabam, a buɗe hotuna daga shekaru dabam dabam, a gani da ido. A gwada yawan hotunan da ke nan da na can. Akwai filash na jabu a kasuwa, an rubuta masa babban fili alhali cikinsa ƙarami ne. Yakan nuna sunayen hotuna daidai, amma in ka buɗe, babu kome. Wanda bai gwada ba, ba zai sani ba sai ran bukata. Sa'an nan a zare faifan, a sa shi a aljihun tebur, kada a bar shi a maƙale sa'ad da ake sabuntawa, gama a wurin zaɓen faifan da za a share, hannu yakan kuskure.

Masana sukan ce kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu, ɗaya kuma a wani gida dabam. In wannan ya yi wa aljihu nauyi, a yi biyu, a ba ɗan'uwa ɗaya ya ajiye, saboda gobara da ɓarayi. Ni kuma ina da ra'ayi na tsofaffi: kowace shekara a zaɓi hotuna ashirin ko talatin mafiya daraja, a kai a wanke su a takarda. Hoton auren iyayenmu ya kai shekara hamsin a akwati, ba wanda ya taɓa neman a sabunta shi.

In kuwa dole a kai wa mai gyara, kada a aiki yaro da saƙon baki. Mai kayan ya je da kansa, ya ce a fili, "Akwai hotuna a ciki, kada ka share kome sai ka kira ni." Ya fi kyau ma a ce an riga an kwafe kafin a bar gida.

Wanda abin ya riga ya same shi fa? Ya kashe kwamfutar nan da nan, kada ya sa mata sabon abu, kada ya hau intanet da ita. Hoton da aka share ba ya gushewa nan take a tsohon irin faifai mai juyawa, yana nan sai an rubuta wani abu a bisansa, kowane minti na aiki kuwa rubutu ne. Sabon irin faifai, wato SSD, yakan goge wurin da kansa da wuri, don haka begen ya fi ƙanƙanta. A nemi wanda ya iya aikin ceto, ya cire faifan ya haɗa shi da wata kwamfuta, abin da ya samo kuma ya zuba a wani faifai dabam. Haka aka yi wa Malama bayan kwana uku. An samo wajen sulusin hotunanta, ba suna, ba kwanan wata, a cakuɗe. Sauran tana bin 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibanta gida gida tana roƙon wanda yake da su a waya.