Wa Ya Ba Ɗan Canji Dala?

Duk sanda naira ta faɗi sai ka ji 'yan boko sun taso wa ɗan canji, wai shi ne ɓarawo. Ni kam ban yarda ba. Mutumin da ke zaune bakin titi da 'yar jakarsa, ina ya samo dalar?

A 1994 gwamnatin Abacha ta ƙayyade dala kan naira 22, alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka fiye da sau biyu. Wa ke da ƙafar samun ta 22? Ba dai malamin makaranta irina da ke Gawon Nama ba. Bankuna ake ba kaso, wasunsu su karɓa da safe su karkatar da yamma, ba gona ba masana'anta. Masu hannun jari kuwa, riba na shigowa, wa zai tambayi daga ina?

Da rana ta ɓaci, a Janairun 1998 Babban Banki ya soke lasin bankuna 26. Mai ajiya fa? Inshorar NDIC a lokacin ba ta wuce naira 50,000 ba, ko miliyan ka ajiye. Saura sai ka jira a sayar da kadarori.

A Fabrairun 2024, da dala ta haura naira 1,500, 'yan canjin Wuse a Abuja EFCC ta kai wa samame.