Uwargida, Kwashe Suyar Tun Ba Ta Yi Duhu Ba

Yau maganarmu a kan kaskon suya take, da abin da 'ya'yanmu ke saye da kuɗin tara.

Duk wadda ta bi ta ƙofar makaranta a Dutsin-Ma ko Kurfi sa'ad da aka tashi tara ta san abin da ke cikin farantan 'yan talla: soyayyen dankali, soyayyiyar doya, cincin da biskit. Mu da muke koyarwa muna gani. Yarinya 'yar shekara 14 za ta fito gida ba ta karya ba, ta sayi dankali, har ta ce a tsinto mata wanda ya ƙone a gindin kasko don ya fi garɗi. Gobe haka, jibi haka, har zangon karatu ya ƙare. To, a cikin wannan ƙonannen akwai wani sinadari da masana ke kira akirilamaid, kuma ya kamata kowace uwa ta san da shi.

Ga yadda aka gano shi. A 1997, a ƙasar Suwidin, ana haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin wani dutse, sai aka toshe yoyon ruwa da wani magani mai ɗauke da akirilamaid. Maganin ya gangara rafi, kifaye suka mutu, shanu suka shanye. Da aka auna jinin ma'aikatan, aka auna kuma na waɗansu mutane da ba su taɓa zuwa wurin ba, sai ga sinadarin a jinin su ma. Wata masaniya a Jami'ar Sitokholm, Margareta Törnqvist, ita da abokan aikinta suka bi sawu, har a watan Afrilu na 2002 aka bayyana wa duniya cewa daga abinci yake fitowa.

Kada ki zargi mai talla, domin ba zuba shi ake yi ba. Wuta ce ke haifar da shi. Abinci mai sitaci, watau irin su dankali da doya da fulawa, yana da ɗan sukari a jikinsa da wani sinadari mai suna asparajin. Idan zafi ya wuce digiri 120, kamar yadda yake yi a suya da gashi, sai su biyun su haɗu su zama akirilamaid. Gwargwadon duhun abincin da daɗewarsa a wuta, gwargwadon yawansa. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, saboda haka dafuwa da turarawa ba sa kawo shi.

Mene ne illarsa? An ba ɓeraye shi da yawa, suka kamu da ciwon daji. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa ɗan Adam wannan ciwo. "Mai yiwuwa" aka ce, don haka babu mai cewa faranti ɗaya na dankali zai kwantar da yarinya. Amma a 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce idan aka auna da nauyin jiki, yara sun fi manya kwasar sa. Dalili a fili yake: jikinsu ƙarami ne, su ne masu cin kayan maƙulashe, ga kuma shekaru masu yawa a gabansu. Rigakafi ya fi magani.

Ba muna cewa a kife kasko ba ne. Mun san gidaje nawa ne suya ke riƙe da su, mun san da ribarta ake sayen littafi da kayan ɗaki. Gyara muke nema, kuma gyaran ba ya cin ko kwabo.

Ke uwargida, launi shi ne ma'auninki. Da dankali ko doya ko cincin ya yi ruwan ɗorawa, kwashe shi, kada ki jira ya yi ja wur. Idan kin yanka dankali, jiƙa shi a ruwa minti 15 zuwa 30, ki tsane shi sosai kafin ki zuba a mai, domin ruwan yana wanke sukarin da ke bayansa. Yi yanka mai kauri, don siriri ya fi saurin ƙonewa. Rage itace idan mai ya fara hayaƙi, ki riƙa tsame ɓurɓushin da ya yi baƙi. Wanda ya ƙone a zubar, kada a ba yara a matsayin gyara. Sa'an nan ki tuna da abincinmu na gado: kunu, fura, ɗanwake, alala, dambu, dafaffen rogo da kwaɗon zogale. Ki tabbata yarinya ta sa wani abu a cikinta kafin ta ɗauki jaka.

Ke kuma 'yar makaranta, kuɗinki ne, zaɓi naki ne. Idan yau kin ci soyayye, gobe ki nemi alala ko dafaffiyar gyaɗa. Idan kin je wurin mai dankali, ce mata ta ba ki mai haske. Mai talla abin da ake saye take soyawa. Ranar da ajinku duka ya daina neman ƙonanne, ran nan za ta daina ƙona shi. Ki kai wannan magana gida, ki karanta wa Inna cikin ladabi, domin gobe ke ce a gaban murhu.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya mai amfani, amin.