Ɗanka yana Libiya, amma lambar Nijar ce ta fito: ta ina kiran ya biyo?

Masu saurarenmu daga Agye, Gazawa da Gidan Rumji sun sha yi mana wannan tambaya. Ɗan uwa ya tafi bida Libiya, Aljeriya ko Abijan, ya kira gida, amma maimakon lamba mai farawa da +218, +213 ko +225, sai a ga lamba takwas irin tamu ta Nijar. Murya tasa ce, lamba kuwa baƙuwa. Abin da ke faruwa shi ne, kiran bai zo kai tsaye ba, ya ratsa ta na'urar wani.

Hanya ta farko ita ce tarhon ma'aikata. Bankuna, ƙungiyoyi da manyan ofisoshi suna da na'ura guda mai raba kira tsakanin ɗakuna. Wasu ana saita su ta yadda ma'aikaci zai kira ofis daga duk inda yake, ya danna lambar sirri, na'urar ta ba shi layi ya kira wani wuri mai nisa. Wanda aka kira lambar ofis zai gani, kuɗin kuma ofis ne ke biya. Don aiki aka yi tsarin. To amma in an bar lambar sirri mai sauƙi kamar 0000 ko 1234, ɓarayi na iya gano ta su yi ta sayar da kira cikin dare, masu ofis ba su sani ba sai takardar biya ta zo.

Hanya ta biyu ita ce akwatin sim. Ana cika na'ura da katunan waya masu yawa, a jawo kiran waje ta intanet, a sake shi kamar daga Maraɗi ko Yamai ya fito. Dalili kuɗi ne: kiran da ke shigowa daga waje ya fi na cikin gida tsada, kuma an taɓa ɗora harajin TATTIE a kansa, wanda gwamnati ta soke a kasafin 2018 ta kuma maido da shi a 2019. Mai akwati yana cin wannan bambanci, baitulmali da kamfanonin waya suna asara. Sau da yawa mai kiran ma bai sani ba, shi dai ya sayi kira mai araha.

Wani zai ce, ina ruwan talaka? Da ruwansa kuwa. Lamba ita ce shaidar farko da tsohuwa a ƙauye take da ita. In muka saba ɗan Libiya na kira da lambar Nijar, gobe macuci zai kira daga garin da ke kusa ya ce yaronku yana hannun jami'ai a Sabha, a turo kuɗi yanzu-yanzu. A yankin Gidan Rumji, inda satar mutane don kuɗin fansa ta riga ta firgita jama'a, irin wannan ƙarya tana saurin shiga.

Na biyu, akwatin sim yana buƙatar layuka masu rajista. In ka ba da katin ɗan ƙasarka aka yi layi don jika ɗaya ko biyu, ranar da hukumar ARCEP ko jandarmomi suka bi sawu, sunanka za su tarar.

Shawararmu: kada a tura ko dala saboda kira ɗaya. A kashe, a nemi ɗan uwan ta lambarsa da aka sani ko ta WhatsApp, a tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Ku kuma 'yan uwa da ke waje, ku ajiye wata kalma tsakaninku da iyayenku tun yau. Masu ofis, a canza lambar sirri, a rufe kiran waje in ba a bukatarsa.