Rainon 'Yan Wasa: Daga Gida Da Makaranta Ake Farawa

Wasan besbol, watau wanda mutum tara-tara ke karawa, ana jefo ƙwallo a make ta da kulki a zagaya kusurwa huɗu da gudu, baƙo ne a ƙasar Hausa. Amma Nijeriya ta zo ta biyu a cikinsa a Wasannin Ƙasashen Afirka na 1999 a Johannesbag, da na 2003 a Abuja, duka a bayan Afirka ta Kudu. Tun da yake za a sake yin sa a Wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjalas, ya kamata a dubi yadda ake rainon 'yan wasansa, domin darasin ya shafi kowane irin wasa.

A Amurka, ƙungiyar yara ta Little League, wadda aka kafa a 1939 a garin Williamsport, ta dogara ne ga iyaye da 'yan sa kai masu koyarwa ba da albashi ba. Haka kuma Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya tashi a wani ɗan ɗaki a harabar kulob ɗin Randburg Mets, inda mahaifiyarsa ke aikin shara da wanki, masu koyarwa na wurin suka riƙe shi tun yana ƙarami. Ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi a 2008, ya yi ta gwagwarmaya a ƙananan rukunai har ran 26 ga Afrilu, 2017, sa'ad da ya zama baƙar fata na farko haifaffen Afirka da ya buga a babbar gasar Amurka.

Sai dai akwai wani nauyi da ke kan iyaye wanda ba a cika kula da shi ba, watau takardar haihuwa. A 2011 yaran Yuganda sun ci cancantar zuwa gasar duniya ta Williamsport, aka hana su biza saboda saɓani a takardun shekarunsu. Sai a 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi ta samu zuwa. Nijeriya ma ta taɓa ɗanɗana wannan, domin a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ita shekara biyu daga gasannin ƙwallon ƙafa na matasa kan rikicin shekarun 'yan wasa.

To, a nan ne batun ya iso Achilafiya da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Yaron da ya gwanance a guje-guje ko ƙwallo ko kokawa, in ba shi da shaidar shekarunsa, iyakarsa filin makaranta, alhali kuwa dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Saboda haka wajibi ne ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Jigawa su tanadi horarren malamin wasanni a kowace firamare, hedimastoci su binciki takardar haihuwar kowane ɗalibi tun ranar shigarsa, iyaye kuma su bar yara su halarci atisaye bayan makarantar allo da aikin gona. Kuɗin wannan duka bai kai na gina katafaren filin wasa guda ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.